Daƙiƙa Huɗu

Shekara tara ke nan Mai-Jeri tana zaune a ɗan ɗakin da ke gefen zauren rawa, daga ita sai kwamfuta da fanka mai ƙara. Aikinta shi ne ta haɗa kowane kiɗa da muryar da ke faɗa wa masu rawa takunsu, ta daidaita su daƙiƙa da daƙiƙa. Kiɗa dubu biyu da 'yan kai ne a hannunta. Fara'a ba ta dame ta ba, kuma gara ka ci mata abinci da ka taɓa mata kwamfuta.

Ran nan ƙungiyar makafi ce a kan dandamali, su takwas, har da yayarta. Rawar tasu a haddace take: da jin babbar ganga sai su nufo gaba, ba sa tsayawa sai muryar ta ce "tsaya". Daga inda suke tsayawa zuwa bakin dandamali taku uku ne, ƙasa kuwa siminti.

Kiɗa ya yi nisa sai ga manajan zauren ya leƙo yana washe baki.

"Af, na manta! Jiya na sauya miki tsohon kiɗan nan mai shuuu a farko. Na sa sabo tas, sunan ma ban canja ba. Ba sai kin gode ba."

Karambanin akuya, gai da kura! Wannan shuuu ɗin daƙiƙa huɗu ne, kuma da shi ta auna muryar. Yanzu ganga za ta riga, "tsaya" za ta makara.

"Ka kashe ni," ta ce.

Ganga ta buga. Ta taga ta hango su sun taho a jere, hannu cikin hannu, fuskoki a sake. Ta danna maɓallin tsayar da kiɗa, kwamfutar ta tsaya tunani. Ta sake dannawa. Tsoro ya kama ta. Ta ture manaja, ta durƙusa ƙarƙashin tebur ta fizge wayar lasifika.

Zauren ya yi tsit. Ta miƙe ta leƙa. Jin kiɗa ya yanke, sun tsaya cak, babban yatsan yayarta ya ɗan zarce bakin katako.

Yayar ta juyo da fuska wajen tagar, ranta a ɓace.

"Ke Auta! Wane irin wulaƙanci ne wannan? Muna tsaka da jin daɗi!"

Mai-Jeri ta ja da baya daga tagar. Ta zauna a ƙasa da wayar a hannu, ta fashe da kuka.