Hawa Uku na Khalti Zubida

Unguwarmu ta Kasba, a babban birninmu Aljiyas, mota ba ta shiga. Daga bakin teku har gidajen can sama duk matakala ce. A can saman Khalti Zubida take, ƙofarmu na kallon tata. Kowa Khalti yake ce mata, wato inna, har sa'o'inta. Murza kuskus na biki ne sana'arta, da shi ta raini 'ya'yanta Liyas da Nasima bayan rasuwar mijinta. Shekara hamsin kullum sai ta sauka kasuwa ta hauro da kwando.

Tana da shekara saba'in da takwas tari ya ƙi barinta, aka ɗauki hoton ƙirji. Sai ga wani ƙulli a huhun dama, bai fi ɗan zaitun ba. Likitar fiɗa, Dakta Wahiba, ta gaya wa Liyas ciwon daji ne, amma bai bazu ba. In an yanke ɓangaren za ta iya rabuwa da shi, muddin jikinta zai ɗauki aikin. Aka sa ranar gwaji nan da wata guda.

To, kun san halinmu, ba a faɗa wa tsoho sunan wannan ciwo. Suka ce mata sanyi ne ya shige ta. Suka kwantar da ita, Nasima ta ɓoye takalmanta, ko kofi ba a barinta ta ɗauka. Mu maƙwabta muna ta kai miya muna cewa ta huta. Duk cikin ƙauna muka yi.

Ranar gwaji a kan kujera aka sauko da ita. Dakta Wahiba ta maƙala mata na'ura a yatsa, ta ce ta hau bene hawa uku. A na farko Khalti ta zauna tana haki. Likitar ta juya ga Liyas, ta koma Faransanci don kada tsohuwar ta ji: da wannan numfashin ba za ta sa mata wuƙa ba.

"'Yata," in ji Khalti, ita ma da Faransanci, "tun ina shekara goma sha biyu nake wa Faransawa wanki. Ni za ki gaya wa, ƙirjin nawa ne."

"Yemma, don Allah..." in ji Liyas, yana roƙon uwar.

"Rufa min baki. Ranar da ka daina shan taba a gabana na san ba sanyi ba ne."

Likitar ta gaya mata komai, har da haɗarin aikin ga mai shekarunta. Ta tambaye ta tun yaushe ta daina tafiya, da ta ji amsar ta ce kwanciyar ce ta cinye mata ƙarfi. Ta ba ta mako uku ta dawo da ƙarfinta, ta ce fiye da haka abin zai iya wuce inda wuƙa ke isa.

Washegari Khalti ta sa Nasima ta fito da takalman. Ranar farko matakala goma sha biyu ta yi, ta jingina da bango. Ammi Sliman, wato Baffa Sliman, mai gidan burodi ya leƙo.

"Khalti, jakin kwashe shara ya wuce ki tun ɗazu."

"Ƙafa huɗu gare shi, Sliman. Kai mai biyu, yaushe rabonka da hawa masallacin sama?"

Kullum tana ƙara kaɗan. Liyas na binta a baya, hannunsa a buɗe, ta hana shi taɓa ta. Da mako ukun ya cika ta hau hawa uku a gaban likitar, ta tsaya sau ɗaya, na'urar ba ta yi ƙara ba.

Aka yi aikin, aka cire kashi ɗaya cikin uku na huhun. Zazzaɓi ya riƙe ta kwana tara, har muka fara shiru in an ambace ta. Da aka sallame ta Liyas ya aro kujerar Sliman ya kawo bakin unguwa. Ta dube ta, ta ce a mayar wa Sliman kayansa. Sa'a guda ta yi kafin ta kai ƙofarta.

Shekara shida ta ƙara. Kwando dai ba ta sake ɗauka ba, amma da hannunta ta murza kuskus na bikin jikarta. Dajin bai dawo ba. Zuciya ce ta tsaya mata wata Laraba bayan la'asar. Da muka sauko da makararta, Liyas ya sa aka ɗan tsaya a matakala ta goma sha biyu, wajen bangon nan. Allah Ya jiƙanta.