Koriyar Motar Mata

Ƙarfe bakwai saura kwata na safiyar wata Litinin abin ya fara lalacewa. Ina tsaye a ƙofar gida da jakar littattafaina, mai babur ɗin da ke kai ni makaranta ya iso, amma bai juya babur ɗin yadda ya saba ba, bai kuma kashe inji ba. Kawu nake ce masa ko da yake ba mu haɗa jini ba. Maƙwabcinmu ne, sa'an babana, shi ke kai ni Daura tun ina aji ɗaya.

"'Yar Malam," ya ce, idonsa a kan tayar gaba, "jiya an yi magana a masallaci. Ba mace a bayan babur kuma, sai matarka ko 'yarka. Ki yi haƙuri."

"Kawu, to yau fa?"

"Yau ɗin ma tana ciki."

Farkon shekarun Shari'a ne. Garinmu ƙarami ne, yana can ciki, da ɗan nisa daga kwaltar da ta taso daga Mai'adua zuwa Daura. Ban yi jayayya da dattawa ba, babana ma yana cikin waɗanda suka zauna. Abin da ya ba ni haushi, duk cikinsu ba wanda ya tambaya: in mace ta sauka daga babur, me za ta hau? Motocin haya da ke bin kwalta a cike suke zuwa, kujerar baya kaɗai aka bar wa mata, ita ma masu tallar nono sun cika ta tun daga iyaka.

Ina ajin ƙarshe a lokacin. Shugabar makarantarmu ta sha faɗa a taron safe cewa duk wadda ba ta samun darussan safe, ba za ta miƙa sunanta ga jarrabawar fita ba. Babana kuma ya yanke tasa a taƙaice: ba babur, ba tsayuwa a bakin titi ana tare motocin maza. In an samu motar mata, in je.

Sai ga masu korayen huluna. Ƙungiyar kare muhalli ce wai, ta matasan gari, shugabansu wani mai neman kansila da kowa ke kira Ciyaman. Kafin ya gano muhalli, dillalin itace ne. Rabin gawon da ke gonakin arewacin gari a motarsa ya tafi Daura. Ya tara jama'a a tasha ya yi jawabi da lasifika. Ya ce hamada tana tahowa daga arewa. Ya ce hayaƙin babura yana cin ƙirjin yara. Ya ce mota ɗaya babba za ta ɗauki mutanen da babura da yawa ke ɗauka, da mai kaɗan, da hayaƙi kaɗan, ga kuma mutuncin mata a tsare. Ina bayan katangar gidan ƙawata ina ji, kuma na yarda da kowace kalma, domin duk na karanta su a littafin labarin ƙasa. Har yau ban canza ra'ayi ba, maganar gaskiya ce. Bakin da ta fito ne matsalar.

Motar da ya yi wa mata alkawari ta zo. Tsohuwar bas ce aka shafe ta da koren fenti har kan gilashin gefe, aka rubuta MATA ZALLA da fari. Don a samu wurin kafa rumfar manyan baƙi ranar ƙaddamarwa, sai aka sare tsamiyar tasha, wadda a ƙarƙashinta kowa ke jiran mota tun kafin a haife ni. Itacen bai kwana a wurin ba. A madadinta Ciyaman ya durƙusa da farar shaddarsa ya dasa 'yan dashen darbejiya, ya zuba musu ruwa da buta, ya sake zubawa saboda mai hoto bai shirya ba. Kafin Juma'a awaki sun gama da su.

Washegarin ƙaddamarwar tun da sanyin safiya na shiga motar na zauna kusa da taga. Ni kaɗai ce. Na jima ina haɗa kalmomi a raina kafin na iya yi wa direban magana, domin ni ko a aji ba na ɗaga hannu sai an kira sunana.

"Direba, ƙarfe nawa za mu tashi?"

Yana kwance a kan benci, ya ɗaga hularsa daga fuska. "Hajiya ƙarama, mota ba ta san ƙarfe ba. Cika ta sani."

Haka tsarin tasha yake, kowa ya sani: mota ba ta tashi sai ta cika. Motar maza tana cika da wuri, saboda maza da sassafe suke fita, kuma 'yan kamasho suna da dabararsu. Sukan zaunar da 'yan zaman banza a ciki, fasinja ya leƙo ya ga saura kaɗan ya shiga, su kuma su zame ɗaya bayan ɗaya. Motar mata ba a sa mata gardawa. Matan garinmu kuwa ba sa fita sai sun sauke tukunya sun sallami yara. Wadda ta yi sammako ta leƙo ta gan ni ni kaɗai, sai ta ce bari ta je ta dawo. Ta biyu ta zo ba ta tarar da ta farko ba, ita ma ta juya. Ɗan kamasho yana bugun jikin motar yana kira, "Daura, mata, saura mutum ɗaya!" ina zaune ina kallon kujeru.

Wata rana ya roƙi tsohuwar da ke suyar ƙosai ta shigo ta zauna don ta jawo wasu. Ta shigo, ta gyara zama, ta ce kujerar ta fi kujerarta daɗi. Da ta ji ƙauri ta fice tana zaginsa har kakanninsa.

Sai hantsi ya dubi ludayi muke tashi, wata rana ma sai kusan azahar. In isa makaranta an gama lissafi, an gama Turanci, mai gadi ya san ni har ya daina tambaya. Wasu ranakun motar ba ta nan sam: ta kai 'yan biki, ko ta kwashi mata zuwa taron Ciyaman, inda ake ba su korayen ɗankwalaye su yi guɗa. Ranar da ta biyo bayan kasuwar Mai'adua na tarar an cire kujerun baya, ƙasa duk kashin awaki. Na tsaya a ƙofa ina kallo.

"Shiga, ba a karya doka ba," in ji direban. "Duk mata ne, ba bunsuru ko ɗaya."

Zaman jira ya ba ni lokacin lura. Na san matan da ke son asibitin Daura da wuri don su samu kati. Na san 'yan mata a ƙauyukan kan hanya da suka daina zuwa makaranta tun da aka hana babur. Na ga abin a fili: da motar za ta riƙa tashi a lokaci ɗaya kowace safiya, ko da mutum nawa ne a ciki, da mata sun saba, da sun riƙa zuwa tare maimakon ɗaya ta zo ɗaya ta tafi. Abin da ake bukata kawai, wani ya ɗauki nauyin mai na makonnin farko. Na gaya wa direba, ya ce motar ba tasa ba ce. Na gaya wa ɗan kamasho, ya ce tun zamanin kakansa ba a taɓa jin mota ta tashi da iska ba. Sakataren ƙungiyar Ciyaman ya saurare ni yana sakace, ya ce Allah ya yi mini albarka, irina ake so a harkar muhalli, ko zan zo in riƙe allo ranar taro?

Shugabar makaranta ta kira ni ofis ta ce mako mai zuwa za ta rufe sunaye. Ba ta yi mini faɗa ba. Ta ce in kawo mata tabbacin zan riƙa isowa da safe, ta san ƙoƙarina.

Gwaggona, yayar babana, ita ta ce tashi mu je wurin mai motar. Mace ce da ba ta jin nauyin kowa, ta kuma san Ciyaman tun yana yawo ba wando. Muka same shi a zaure cikin korayen huluna, motarsa a ƙofar gida inji na aiki ba kowa a ciki, wai don ta yi sanyi kafin ya fito.

"Kai mai itace," ta ce, "ga 'yar ƙanena tana da magana."

"Gwaggo, ai yanzu an bar itace."

"Itacen ne ya ƙare. Yi magana, ke."

Na yi. Idona a kan tabarma, amma ban tsallake komai ba: matan asibiti, 'yan matan ƙauye, lokaci ɗaya kowace safiya, sunayen da za a rufe. Na ƙare da maganarsa ta ranar lasifika, mota ɗaya a madadin babura da yawa, na ce hakan ba zai yiwu ba sai motar tana tafiya lokacin da mutane ke bukata. Na tambaye shi ko za ta iya tashi ƙarfe bakwai.

Sunana bai shiga ba a shekarar. Sai da na maimaita aji, ina zaune gidan wasu dangin nesa a Daura, ina biyan kwana da wanki da wanke-wanke. Ciyaman kuma ya ci kansilansa, da hoton motar a jikin kowane bango. Amma a ranar, a zauren nan, sai da ya bari na gama tsaf. Ya juya ga mutanensa ya ce su ji Hausa, yarinya kamar rediyo. Suka yi dariya. Sannan ya gyara hula, ya dube ni da fuskar tausayi.

"'Yata, mu mota muka yi wa mata alkawari, ga ta can a tasha kowa na gani. Ba mu yi da kowa za ta riƙa tafiya ba."