Gorunan Papa Sal

Zalia haifaffiyar Zangon Kumasi ce, kuma duk daɗewarta a New York harshenta bai sauya ba. In ta buɗe baki a masallacin Park Hill, Kanawa kan yi murmushi su ce 'yar Gana ta iso. Mijinta Gafaru direban tasi ne, ita kuwa jinyar tsofaffi take yi a gidajensu, wani kamfani ke tura ta. Gajera ce mai ƙarfin hannu, takan ɗaga ƙaton namiji daga gado zuwa kujera ko nishi ba ta yi ba. Abu ɗaya ya gagare ta, taɓa tsuntsu mai rai. Tana yarinya wata kaza mai 'ya'ya ta daka mata tsalle a fuska, tabon yana nan gefen girarta. Ko kazar miya ce, sai an fige ake miƙo mata.

A shekarar 2013 aka tura ta kudancin Staten Island, gidan wani tsohon kafinta mai suna Salvatore, wanda take kira Papa Sal. Ciwon shanyewar ɓarin jiki ya cinye masa hannun dama da yawancin maganarsa. 'Yarsa Tina, mai aiki a Manhattan, ita ta kafa doka tun ranar farko: kada a fitar da shi in ana zafi, kada kuma a bar shi shi kaɗai.

A bayan gidan, kusa da bakin ruwa, akwai dogon ƙarfe a kafe, an rataye fararen goruna a samansa, kowanne da 'yar ƙofa da lambarsa. Da igiya ake sauke su a mayar, kamar tuta. Nan wasu manyan tsattsewa ke sheƙa, baƙaƙe masu ƙyallin shuɗi. Tina ta ce daga Brazil suke zuwa duk shekara, kuma a wannan ɓangaren ƙasar da wuya su yi sheƙa in ba a gidan da mutum ya rataya musu ba. Tsohon ya fi rabin rayuwarsa yana musu hidima. Yanzu sai kallo ta taga.

Zalia takan zauna gefensa tana ba shi abinci, ita ma tana kallo ba da son ranta ba. A haka ta gane yadda 'ya'yan ke barin gida. In sun kai kamar wata guda sai su riƙa leƙo kai. Uwar ta zo da ƙwaro a baki, ta ƙi ba su, ta yi ta shawagi gaban ƙofar. Ran da ɗaya ya yi ta maza ya faɗo cikin iska, manyan gaba ɗaya su rufa masa baya da kuka, suna kora shi sama har ya kama reshe. Ranar Papa Sal kan cinye abincinsa tas.

Tsakiyar Yuli aka yi wani zafi da ko iskar teku ba ta motsi. Da hantsi Zalia na wanke kofuna ta ji ana dukan gilashi. Ta tarar da tsohon yana buga taga da hannun hagu, fuskarsa ta yi ja. A ciyawa ƙarƙashin ƙarfen ga ɗan tsuntsu, fuka-fukansa ba su gama fitowa ba, baki buɗe. Zafin gora ne ya koro shi tun lokacinsa bai yi ba. Iyayen na kewaya sama, babu mai saukowa. Can ƙarƙashin shinge kuwa kyanwar maƙwabta ta lafe.

Ta kira Tina, wayar ta yi ta ringi ba a ɗauka ba. Ta ce wa tsohon ya yi haƙuri, ba za ta iya barin sa ba. Bai ko dube ta ba, ya kama hannun kujerar guragunsa yana neman miƙewa.

"Papa, in ka faɗi ni da kai duka mun shiga uku," in ji ta. "Zauna, zan je."

Ya ɗaga mata yatsu uku, ya nuna gorunan. Sannan ya sunkuya yana jan safar ƙafarsa, yana fitar da wata kalma da ta ƙi fita. Ta ɗauka ciwo ƙafar ke yi. Ya girgiza kai, ya nuna durowa. Ciki ta samu tsofaffin safa, kowace ɗaure da dogon zare. Ya dunƙule hannu ya cusa a bakin kofi, ya yi alamar ja. Sai ta fahimta: in an sauke gorunan, sauran 'ya'yan za su iya firgita su diro, dole a toshe ƙofofin da safar, a mayar sama, su natsu, sannan a zare.

Ta tura kujerarsa bakin ƙofar baya inda za ta riƙa ganin sa, ta danne birki, ta fita. Ta kori kyanwar da silifa. Ta tsaya kan ɗan tsuntsun. Ta yi bisimilla, ta rufe shi da gefen mayafinta, ta ɗauka. Ko ta cikin yadin tana jin zuciyarsa na bugawa a tafinta, ƙananan faratansa na karce ta. Tsigar jikinta ta tashi, ta dai cije, ta sa shi a bokiti ta rufe da mayafin.

Ta kwance igiyar, ta riƙa sakin ta a hankali. Manyan tsuntsayen suka yo kanta, suna wucewa daf da kunnenta da ƙara. Ta noƙe kai cikin kafaɗu, ba ta saki ba. Da gorunan suka iso daidai ƙirjinta ta nemi mai lamba uku, ta ɗauko ɗan da hannunta tsirara, don mayafin ba zai shiga ƙofar ba, ta tura shi wurin 'yan'uwansa. Ta toshe, ta bi sauran da ta ji motsi a ciki ta toshe.

Mayarwar ce aiki. Nauyin ya fi yadda ta zata, igiyar na cin tafinta, gumi na shiga idonta. Gorunan sun kai rabi ta ji ƙarar ƙarfe a bayanta. Ta waiga. Papa Sal ya miƙe tsaye, ya riƙe ƙofa da hannu ɗaya, ƙafarsa marar lafiya na lanƙwashewa, ga matakala a gabansa. In ta saki igiyar, gorunan za su rugurguje da duk abin da ke ciki. In ba ta saki ba, ba ta san me za ta tarar ba.

Turancin ya ɓace mata. Da Hausa ta daka masa tsawa, irin wadda take yi wa 'ya'yanta: "Koma ka zauna!"

Tsohon ya dube ta, ya saki jiki baya. Ya faɗa kujerar a karkace, gwiwar hannunsa ta bugi ƙofa, amma ya zauna. Ta ƙarasa ja, ta ɗaure igiyar, ta ruga ta gyara masa zama. Ya riƙe hannunta ya hana ta komawa, sai da kukan tsuntsayen ya lafa sannan ya sake ta. Ta je ta janye zarurrukan ɗaya bayan ɗaya. Babu wanda ya diro. Jim kaɗan uwar ta sauka bakin gora na uku da ƙwaro.

Da yamma Tina ta ga kumburin gwiwar hannun. Zalia ta faɗa mata duk yadda aka yi, ba ta rage komai ba. Tina ba ta ɗaga murya ba, ta dai kira kamfanin, aka ce Zalia ta zauna gida sai an bincika. Gafaru ya yi ta faɗa, wai a kan tsuntsu za ta rasa aiki. Ita ma dai in ta tuna matakalar nan sai gabanta ya faɗi.

Bayan mako guda Tina da kanta ta kira, ta ce baban ya juya wa sabuwar mai jinyar baya, ko za ta dawo. Zalia ta ce za ta dawo, amma a sa shinge a bakin matakala tukuna. Aka sa. Ran da ta koma, gora na uku ba kowa. Tsohon ya nuna mata wata bishiya a bakin ruwa, inda 'ya'yan tsattsewa suka jeru kan busasshen reshe suna jiran abinci. Ta duba iya dubawa, ba ta gane wanne ne nata ba. Ta ɗauko maganinsa na safe ta ce ya buɗe baki.