Bintil Ƙunsul a Cikin Kabad

A nan Madina bintil ƙunsul ake ce mata. A wasu ƙasashe ita ce furen Kirsimeti, amma mai gandun shuke-shuken da ke hanyar Bi'ir Ali bai san wannan zancen ba, shi dai sanyi ya shigo, ya jera jajayen tukwane a bakin titi. Maigidana ne ya sayo min guda ɗaya, wai in samu abin yi. Ni da na bar aikin jinya a Katsina na biyo shi, yau ni ake nema wa abin yi da tukunyar fure. Na karɓa dai, na ajiye ta a tagar falonmu da ke unguwar Aƙiƙ.

A lokacin ne ciwon sukarin Inna ya tashi. Ina son zuwa gida, amma iƙamata, wato takardar izinin zama, rataye take a jikin ta maigidana, tasa kuma tana hannun kamfanin da yake wa aiki, ba su sabunta ba. Idan babu ita babu bizar fita da dawowa. Duk sanda ya tambaya sai a ce bukra insha Allah, kullum sai gobe.

Wata rana muna waya ta bidiyo na juya wa Inna furen. Ta yi ta mamakin jansa, har ta zarge ni da shafa masa janbaki. Na gaya mata ba ma fure ba ne, ganye ne ya rine. Ta ce in na tashi zuwa in yanko mata reshe ta dasa kusa da randa.

Bintil ƙunsul kuwa akwai fitina. Ka cika mata ruwa ta zubar da ganye, ka hana ta ta langaɓe. Iskar mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki, ma ba ta so. Ranar da na rage mata rassa, farin ruwan da ya fito ya sa hannuna ƙaiƙayi har yamma. Da zafi ya shigo jan ya kaɗe gaba ɗaya, ta koma koriya kamar kowane ganyen banza. Haushinta nake ji, amma ban iya jefar da ita ba, tunda na yi wa Inna alkawari.

Wata dattijuwa maƙwabciyarmu, Bahaushiyar Sudan, ita ta gan ni ina ɗura mata taki da sanyi ya sake gabatowa.

"Ya bitti, wannan ba akil take so ba, zalam take so," in ji ta, wato ba abinci take so ba, duhu take so. "Ki kulle ta a dolab tun la'asar, kar ki fito da ita sai hantsi. Ko hasken jawwal, wayar nan taki, kar ta gani."

Haka na shiga yi. Ana kiran la'asar zan ture akwatina gefe, wanda na daɗe da haɗawa da tsarabar dabino da dardumar Inna, in zaunar da tukunyar a ƙasan kabad in rufe. Har toshe ƙasan ƙofar nake da tsohon zani. Maigidana ya taɓa buɗewa neman hula, na yi masa faɗan da ya fi ƙarfin laifinsa, shi ma ya san ba saboda fure ba ne. Na tsani aikin nan. Kullum na tura ƙofar sai in tuna ni ma daga falo sai ɗaki, sai tagar da nake kallon motocin masu umara suna wucewa.

Dattijuwar ba ta yi ƙarya ba. Ganyen sama suka fara ja daga gefe, a hankali har suka rine tas, suka fi na bara kyau. Iƙamar dai shiru.

Na kira ƙanwata ta bidiyo da hantsi na ce ta miƙa wa Inna wayar. Na kusanto da tukunyar, ina ta zuba surutu, ina cewa ta duba janbakinta ya dawo. Inna ta kafe ido a gefe guda, can inda ba ni ba. Ashe sukarin ya taɓa idon tun watannin baya, ta hana kowa ya gaya min.

"Ba na gani yanzu, 'yar nan," ta ce. "Ki bar reshen. Ke dai ki zo."

Na ce mata to, insha Allah. Da aka kira la'asar na tashi na mayar da tukunyar cikin kabad kusa da akwatin, duk da ta riga ta gama rinewa.