Ranar da Muka Ci Irin Baba Audu

Katsina zuwa Batsari

Ana idar da sallar asuba Malam Lawal direba ya danna mini oda a ƙofar gida. Cibiyar da nake wa aiki ce ta tura ni Batsari da Safana, in binciko ko irin shukar da gwamnati ke rabawa yana isa hannun ƙananan manoma kafin ruwa ya sauka. Da haushi na fito, don ko shayi ban kurɓa ba. A shingen farko sojoji suka leƙa motar suka ce mu wuce. A na biyu 'yan sa-kai suka tambayi ƙauyen da za mu, da wanda ya san da zuwanmu.

Hantsi bai dubi ludayi ba muka shiga Batsari. Malam Sada, malamin gona da zai yi mana jagora, ya tare mu wajen mai waina a bakin tasha. Muna ci ya sassauta murya.

"Hajiya, abu ɗaya zan roƙe ki. Kada azahar ta same mu a gidan kowa. Bara mutane ba su noma gonakin nesa ba saboda 'yan bindiga, rumbuna sun ƙare. Iri kaɗai ya rage masu, kuma ba za su bar baƙo ya tashi da yunwa ba."

Na ce masa ya kwantar da hankalinsa, ni ba ci ya kawo ni ba.

Karare

Muka bar mota, muka hau babura zuwa ƙauyen Karare. Wanda ya sauke mu shi ne Baba Audu, dattijo siriri mai yawan barkwanci. Ya tara mana manoma a zaurensa. Amsarsu kusan ɗaya ce: irin gwamnati yana zuwa, amma sai dawa ta kai gwiwa.

Da na tambayi Baba Audu shi da me yake shuka, sai ya ja ni cikin gida har madafi. Ga zangarniyoyin dawa kaura rataye a sama, hayaƙi ya rine su.

"Ɗiyata, wannan tun mahaifina muke ajiye ta. Ita kaɗai ke jure tudun gonata. Mun koma sayen awo kullum, amma ita ko jikokina sun san ba a taɓa ta. Ruwa kawai muke jira."

Muka koma zaure. To, ni akwai ni da son hira in ta yi daɗi. Wannan ya tashi, wancan ya zauna, kowa da abin da zai faɗa. Malam Sada yana ta nuna mini agogo, ina ce masa saura mutum ɗaya. Na ji ana daka a cikin gida, ban kawo komai a raina ba. Sai kiran salla na ji.

Na shiga wajen mata in yi alwala. Inna Hure, matar Baba Audu, tana durƙushe tana tuƙa tuwo. Na ɗaga kai na dubi inda zangarniyoyin suke. Fiye da rabi babu. Na juya wajenta.

"Inna, ba dai irin ba?"

"Yi alwalarki, ɗiyata. Awon jiya ya ƙare, maigida ya ce a sauko da ita. Baƙi daga birni su yini gidanmu su tashi haka nan? Mi za a ce da mu cikin gari?"

Aka kawo tuwo da miyar kuka. Ƙin ci cin fuska ne, kuma an riga an tuƙa. Na ci, Baba Audu yana ta cewa in ƙara, wai 'yan birni ba su iya loma ba. Da za mu tashi na miƙa masa ɗan abin da ke jakata. Ya ɓata rai.

"A gidana za ki sayi tuwo?"

Na mayar da hannuna. Muka yi masa sallama, muka hau babura.

Safana

A Batsari muka kwana, da safe muka bi ta Runka zuwa Safana. Na yi aikin da ya kawo ni, amma hankalina yana Karare. A ofishin gona suka ce irin bana bai iso daga sama ba tukuna. Na zaga wajen masu hatsi ina cigiyar kaura.

"Akwai, Hajiya," in ji wani, "amma ta ci ce, an haɗo ta daga ko'ina. Wadda ta saba da ƙasar Karare sai a gidajen Karare."

Na dai saya, na ba Malam Sada ya kai. Raina ya san ba ita ba ce.

Komawa gida

Muka biyo ta Dutsin-ma. Kafin mu kai Katsina hadari ya haɗu ta gabas, ruwa ya kece. Malam Lawal yana ta hamdala, ni kuwa ina tunanin gobe kowa zai fita shuka. Da magariba muka iso gida lafiya. Godiya ga Allah da ya kai mu ya dawo da mu, Allah ya saka wa Malam Sada da mutanen Karare da alheri.

Rahotona zai ce iri yana makara, abin da kowane manomi ya riga ya sani. Bayan kwana biyu na kira Malam Sada. Ya ce Baba Audu ya yi shuka. Kaurar da ta rage masa kusurwa ɗaya ta gonar kawai ta isa, sauran ya zuba wadda na aika, yana cewa Allah ya sa ta jure tudun.

"Ya ba ni saƙo," in ji Malam Sada. "Ya ce a gaishe ki, kuma ki yi haƙuri, miyar ran nan ba nama."