Ranar da rediyon mota ya cinye kaset ɗin abokina

Shekarun baya, lokacin ina da gashi a ka, tumbina kuma bai fara riga ni shiga ɗaki ba, ni da abokina mun haukace a kan wasu Buzaye masu kiɗan gita. In an ce suna wasa a Belbeji, muna can. In an ce Tarka, muna can. Mahaifiyata ta ce da haka nake bin gona, da geronmu ya ciyar da Damargu har da Agadas.

Kaset ɗaya tak suka taɓa yi, su da kansu a cikin ɗaki, har ana jin kukan akuya a waƙa ta uku. Abokina na da shi, kuma yayansa marigayi ne ke rera waƙoƙin ciki. Muryarsa ba ta rage ko'ina ba sai nan. Ko taɓawa ba ya bari a yi.

Wata rana muka ji sauran makaɗan za su yi wasa a Agadas. A tashar Tanut na samu gaban mota, shi kuma saman buhuna. Ya miƙo mini kaset ɗin ya ce, "Riƙe, rana za ta narka shi. Riƙewa fa na ce, sarkin surutu."

Ba mu yi nisa ba na fara cika baki a kan kaset ɗin, har direba ya ce, "To Malam, kawo mu ji mana." Na ba shi. Waƙa biyu lafiya lau. A ta uku muryar ta koma kamar raƙumi na kuka cikin rijiya. Direba ya jawo kaset, zare ya biyo shi kamar taliya, ya tsinke.

Wallahi gumin da na yi ranar zai shayar da garke. Na cusa shi cikin hula, na mayar a kai. Duk inda aka tsaya abokina sai ya leƙo: "Yana nan?" In ce, "Yana nan, a kaina ma na ɗora shi."

Muna isa na ce cikina ya murɗa, na ruga kasuwa wajen wani tsoho mai gyaran rediyo. Ya datse inda ya tauye, ya liƙa da jan farcen matarsa, ya naɗe zaren da biron bik. Wasan yamman nan kowa na rawa, ni ko kiɗan ban ji ba, zuciyata ta fi ganga ƙara.

Da aka tashi na kasa daurewa, na faɗa masa. Ya amshi kaset ɗin. Ya karɓi bik, ya juya zaren a hankali har ya kai wurin liƙin. Na fara tunanin garin da zan koma da zama.

Sai ya ce, "Ja ya sa maka? Nawa tsinkewar uku ne, duk da ruwan ƙaro na liƙa. Naka ya fi kyau."

Na zauna a ƙasa daɓas.

Yanzu waƙoƙin suna cikin wayoyinmu, daga kaset ɗin aka kwafa, da giɓinsu huɗu. In mun kunna aka zo giɓin waƙa ta uku, dab da kukan akuya, sai ya nuna ni da baki ya ce wa ƴaƴansa, "Ga baitin baffanku nan."