Jan Zaren Inna Guizhi

A ƙauyenmu da ke gefen birnin Heze kowa furen mudan yake nomawa, wani babban fure da ake gasarsa, amma mai haƙurin da ke ba ni tsoro ita ce Inna Guizhi, gajeruwar tsohuwar nan mai almakashi a aljihu.

Mijinta, Liang, ya shekara goma sha ɗaya yana barbarar fure da fure kafin ya samu wani mai duhun ja kamar hanta. Bai kai ga raɗa masa suna ba ya rasu. Ana zaman makoki maƙwabcinsu, Chao Defu, mai kiran marigayin Yaya, ya yanki rassan, ya aura su a kan saiwoyin gonarsa. Bayan shekara uku sai ga furen a gasar bazara, da allo a gabansa: "Alfaharin Chao".

Inna Guizhi ta tsaya ta karanta.

"Ƙanena, ashe haka ka iya?"

"Baiwa ce, matar Yaya," in ji Defu.

A wurinmu, in mai gona ya yi barbara ta musamman, yakan rufe furen da jakar takarda ya ɗaure da jan zare. To, a waccan bazarar ta ɗaura jakunkuna ashirin dab da shingen Defu, a kan farin mudan ɗin da muke nomawa don maganin saiwa. Garin furen 'yan'uwansa farare kawai ta shafa masa. Sai ta raɗa wa mai awara, wadda ba ta iya riƙe zance, cewa sirrin marigayi ne, koren fure zai fito.

Da kaka ta yi, irin ya ɓace.

Mudan daga iri sai ya shekara shida kafin ya yi fure. Defu ya tuge itatuwan filinsa mafi kyau ya shuka abin da ya sato. Kullum da safe takan leƙo ta shinge.

"Ƙanena, yaya jariran?"

"Suna girma, matar Yaya."

"Ka ƙara musu taki."

A shekara ta shida, tun furen yana ƙulle, ya gayyato alƙalan gasa su zo ran da zai buɗe, ya sa aka dafa taliya da agwagwa. Suka zo, muka bi su. Fili guda fari fat, irin na bakin hanya.

Defu ya juyo wajen Inna Guizhi. "Tsohuwar banza, kin cuce ni. A kan wofi kika ɗaura zaren."

"A gonar wa na ɗaura, ƙanena?"

Babban alƙalin ya cire tabarau ya goge, ya ce, "Chao, mai duhun jan nan fa, nuna mana uwar da ka samo shi." Uwar kuwa tana gonar Inna Guizhi.

A gasar bana allon mai duhun jan yana ɗauke da sunan Liang. Ita ta rubuta da hannunta, a karkace, ta kuma hana kowa ya gyara.